Ɗankwali a Hudar Bango

Su huɗu ne a gidan, wani siririn gida na jan bulo a Small Heath, cikin Birmingham. Akwai Abdurrahman mai karatun digiri na uku, da matarsa Ramatu da ke aiki a kantin magani, da 'yarsu Marwa, haifaffiyar nan, mai shekara goma. Ta huɗun ita ce Hajiya Habibatu, mahaifiyar Ramatu, wadda ta zo daga Funtuwa da niyyar yin wata shida. Abinci bai yanke musu ba, masallaci yana bakin layi. Ɗumi suka rasa. Falon ƙasa, inda Hajiya ke kwana saboda gwiwoyinta ba sa son hawan bene, sanyinsa har cikin ƙashi yake shiga.

Tun satin farko Hajiya ta fara zancen komawa wurin ɗanta Sha'aban a Manchester, don an ce mata flat ɗinsa na Cheetham Hill ko rigar sanyi ba a sawa a ciki. Marwa ba ta so. Hajiya ce ke mata kitso, ita ke ce mata "ƙawata", ita kaɗai ce ba ta gajiya da gyara mata Hausa. Saboda haka da mai gidan da suke haya ya yarda a kafa murhun gas a falon, Marwa ta fi kowa murna.

Ranar da za a kafa shi ta faɗo cikin hutun makaranta. Abba yana jami'a, aka kira Mama aiki ba zato. Tana yafa gyale ta ce, "Marwa, ke ce tafinta yau. Abin da ya faɗa ki faɗa wa Hajiya daidai."

Mai haɗa gas ɗin sunansa Manasseh, mutumin Handsworth, dogo mai furfura a gemu, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Shi da wani abokin aikinsa suka shigo da murhun, abokin ya wuce wani aikin. Murhun baƙin ƙarfe ne mai ƙafa huɗu da ƙofar gilashi. Manasseh ya shimfiɗa faffaɗan dutse a gaban tsohuwar mafitar hayaƙi, ya zaunar da murhun a kai, ya haɗa masa bututu ta baya.

Hajiya na kan kujera, rufe da bargo biyu, tana kallo.

"Ƙawata, ina za a ɗora tukunya?"

Marwa ta tambaya. "Ya ce ba a girki a kai."

"Murhun ne ba a girki a kai? To wancan icen na ciki fa?"

"Ya ce ba ice ba ne. Kuma ba ya cinyewa."

Hajiya ta dubi Marwa, ta dubi mutumin, ta gyara bargonta.

Wajen azahar Manasseh ya huda bango daga ƙasa, kusa da taga, ya sa wa hudar murfi mai tsaga-tsaga. Nan take sanyi ya fara zuba a ƙafar Hajiya. Sannan ya liƙa wani ɗan farin abu a bango, ya durƙusa gaban Marwa ya yi mata bayani a hankali, da Turanci, ya ce ta faɗa wa kakarta kada ta rage komai.

Marwa ta tattaro Hausarta. Kalma ɗaya ta sani da za ta ɗauki wannan magana.

"Hajiya, ya ce akwai wata iska. Muguwa ce. Ba a ganinta, ba ta da wari. In tana cikin ɗaki sai kanki ya yi ciwo, ki ji barci, ki faɗi. Wani ba ya tashi."

Carbin Hajiya ya tsaya. "Iska? Shi ya ce?"

"Eh. Ya ce farin abin can zai yi kuka in ta zo. Kuma hudar nan ta iska ce, kar a rufe."

"A'uzu billahi. Ya san da ita, ya kuma buɗe mata ƙofa?"

Marwa ba ta gane tambayar ba, amma ta ce eh, don haka mutumin ya ce.

Manasseh ya fita mota ɗauko kayan gwaji. Da ya dawo ya tarar da ɗankwalin Hajiya, shuɗi mai zanen ganye, cushe a hudar, Hajiya kuma tsaye tana tofa addu'a a kusurwoyin falon. Ya zare ɗankwalin ya miƙa mata da ladabi. Ta karɓa da ladabi ta mayar. Ya sake zarewa. Ta sake mayarwa, wannan karon har da dannawa da sanda.

Ya ce wa Marwa in hudar tana toshe ba zai kunna murhun ba, zai rufe gas ɗin ya tafi. Ba faɗa yake ba, aikinsa ne haka.

Marwa ta san in ya tafi, falon zai zauna da sanyinsa, har da ƙarin huda.

"Hajiya, don Allah ki bari. Murhun yana son iska."

"Yana son ta? Kira mini Sha'aban."

Kawu Sha'aban ya ɗauka yana cikin tram, jirgin ƙasa na cikin gari, hayaniya ta cika wayar.

"Sha'aban, ka zo ka ɗauke ni. Gidan nan da iska. Baturen aikin da kansa ya faɗa."

"Iska?" Ya yi dariya. "Ai Hajiya tsofaffin gidajen Birmingham duk haka suke. Ta ƙarƙashin ƙofa ma shigowa take."

"Duka?"

"Duka. Ni ma nawa akwai kaɗan a kitchen, sabawa ake yi."

"Har naka? Da yara a gidan, ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Hajiya, ba na jin ki sosai. Weekend zan shigo."

Wayar ta katse. Hajiya ta zauna a bakin kujera, ta ce ba Manchester ba ma, Funtuwa za ta koma. Manasseh ya duba agogonsa, ya fara naɗe wayar na'urarsa.

Marwa ta tsaya a tsakaninsu. Ta san ba ta yi ƙarya ba. Ta maimaita maganar a ranta da Turanci, daidai take. Ta maimaita da Hausa, nan ma ba ta ga inda ta karkace ba. Amma Kawu ya ce iska yana dariya, Hajiya ta ce iska tana neman tsari.

"Hajiya, mece ce iska?"

"Ke da kika faɗa mini?"

"Ni wadda na sani ita ce wadda ke kaɗa labule."

Hajiya ta sassauta murya. "Akwai wannan. Akwai kuma mutanen ɓoye, waɗanda ba a ambaton sunansu a cikin gida. Ba a ganinsu, su kan kayar da mutum."

"Aljanu?" in ji Marwa.

"Ke, rufe bakinki."

Marwa ta juya wurin Manasseh ta roƙe shi minti biyar. Ta ce kakarta ta ɗauka fatalwa yake nufi. Ya ajiye jakarsa. Ya ciro wata 'yar ƙwaya ta gwajin hayaƙi, ya kunna mata wuta a cikin murhun. Farin hayaƙi ya tashi ya tsaya yana jujjuyawa, wani ya fara leƙowa falo. Ya zare ɗankwalin daga hudar. A hankali hayaƙin ya miƙe, ya bi bututu ya haye sama.

"Kin gani, Hajiya? Kamar hayaƙi ne, amma ba shi da kala. Daga wutar yake fitowa, ba daga waje ba. In wuta ba ta samu ta labulen ba, sai ta yi mai kashe mutum."

Hajiya ta daɗe tana kallon murhun.

"Gawayi," ta ce. "Wannan ai zancen gawayi ne. Muna yara, in an kai kaskon wuta ɗakin mai jego, Inna ba ta yarda a ja ƙofa duka. Sai ta sa taɓarya a bakin ƙofar. Maƙwabtanmu sun taɓa rufewa ruf, da safe sai ɗauko su aka yi, da ƙyar aka samu kansu." Ta harari Marwa. "Shi ne za ki ce mini iska? Da kin ce hayaƙin gawayi."

"Ban san kalmar ba."

"To yau kin sani, 'yar Ingila."

Ta karɓi ɗankwalinta ta kakkaɓe, ta ɗaura. Ta ce a faɗa wa mutumin ya yi haƙuri, kuma a tambaye shi ko yana shan shayi. Manasseh ya ce yana sha. Ya gama gwajinsa, ya danna farin abin ya yi ƙara har Hajiya ta toshe kunne, sannan ya murɗa makunni. Wuta ta kama a bayan gilashi, shuɗiya da farko, daga baya ta yi ja a jikin icen da ba ice ba.

Hajiya ta sa aka ja kujerarta nesa da hudar, kusa da murhun. Ta miƙe ƙafafunta. Bayan ɗan lokaci ta yaye bargo ɗaya. Har yanzu ba ta gamsu da murhun da ba a ɗora masa tukunya ba, ta kuma ce addu'ar da ta tofa ba ta ɓaci ba, gida ba ya ƙin addu'a. Amma da Kawu ya sake kira da la'asar, ce masa ta yi ya sha zamansa, in zai zo weekend ya taho da yaran kawai.

Marwa ta zauna a ƙasa, Hajiya ta fara tsefe mata kai. Abin da ta gane a ranar shi ne, faɗin kalma daidai bai isa ba, sai ta tambayi mai sauraro abin da ya ji.