Askar Kaftin Jibrin

Ranar Talata da hantsi Hajiya Azumi ta ji cewa jibi za a lulluɓe fuskar mijinta da farar ƙasa, a fitar da ramin da za a zuba tagulla, kuma daga nan babu sauran gyara. 'Yarta Hadeel ce ta faɗa mata, suna tsince shinkafa a falonsu na unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira.

Mijin, Jibrin, shekararsa biyu da rasuwa. Ya tsare gida wa wani ƙaramin kulob na ƙwallo a Giza shekara goma sha ɗaya, bayan gwiwa ta ƙi kuma ya koyar da yaran unguwar har gemunsa ya yi fari. Kowa Kaftin yake ce masa, har ita Azumi, tun da ba ta kama sunansa. Yanzu kulob ɗin ya yanke shawarar tsayar da mutum-mutuminsa a bakin ƙofa.

Hadeel ba ta da kwanciyar hankali tun da aka fara maganar. Ta tara hotuna a wayarta na mutum-mutumin 'yan wasa daga ƙasashe dabam-dabam, ta riƙa nuna wa uwarta. Wani wuyansa kamar na zalɓe. Wani kai ya rinjayi jiki kamar an ɗora kabewa a kan taɓarya. Wani kuma yana murmushi irin na wanda ya taka garwashi a gaban surukai.

"Yumma, dubi wannan, don Allah. Duniya duka dariya take masa. Idan aka yi wa Baba haka, ni dai na bar bin hanyar Giza."

"Wa ya ce miki masu sassaƙar ne ba su iya ba?" in ji Azumi. "Mutum goma ne ke tsayawa a kan mai aiki, wannan ya ce ƙara masa tsawo, wancan ya ce sa shi ya yi fara'a. Ko tuwo aka tuƙa haka, ai ba zai ciwu ba."

Wata maƙwabciya ta riga ta zo ta yi mata nasiha cewa gunki ne, bai dace ba. Azumi ta saurare ta har ƙarshe, ta ce shekara arba'in da shida tana Alƙahira, garin da kowace mararraba akwai mutumin dutse a tsaye, ba ta taɓa ganin wanda ya ajiye sallarsa ya durƙusa wa ɗaya ba, tattabaru kawai ke kula su. Abin da ke damunta daban ne. Babban ɗanta, Haisam, shi ya kai hotuna, shi ya sa hannu a madadin iyali, ya je wurin aikin sau uku, kuma duk lokacin da ta tambaye shi sai ya ce, "Tamam, Yumma, komai lafiya," ya shiga wata hira.

Washegari da safe ta sa mayafinta ta ce a kai ta.

Ita da Haisam da Hadeel sun shiga ƙaramar bas, sun sauka, sun shiga jirgin ƙasa, sun sake shiga wata bas. Haisam, mai shekara arba'in da biyar da furfura a saje, yana riƙe da jakarta har suka isa wani lungu a bayan kasuwar kayan gini.

Mai sassaƙar, Ustaz Osama, Bamisire ne tsoho, siriri, da yumɓu a ƙarƙashin kowane farce. Ya ba Hajiya kujerar da ta fi tsabta, ya aika a kawo shayi, sannan ya shiga kwance jiƙaƙƙun tsummokin da ya naɗe aikin da su don kada ya bushe. Daga ƙasa ya fara.

Ƙafafun sun fito, a ɗan buɗe, nauyin jiki a kan yatsu. Kafaɗun sun fito. Da hannuwan suka bayyana Azumi ta ajiye kofinta, domin ga ƙaramin yatsan hagu nan a karkace, yadda ya warke bayan karayar da ya samu shekarar da aka haifi Hadeel. Sai Osama ya janye tsumma na ƙarshe.

Hadeel ta sauke ajiyar zuciya. "Masha Allah. Kamar ɗan fim. Yumma, ba wanda zai yi dariya."

Fuska ce kyakkyawa. Goshi daidai, hanci daidai, kumatu sumul kamar bayan cokali. Azumi ta tashi ta zagaya ta hagu, ta dawo ta dama.

"Ustaz," ta ce da Larabci, "hannunka yana da albarka. Amma wane ne wannan?"

"Kaftin ne, ya Hagga."

"Daga wuya zuwa ƙasa, shi ne. Wannan na sama ban taɓa dafa masa abinci ba."

Osama bai ji haushi ba. Ya ɗauko ambulan ya baje hotuna huɗu a kan tebur. Uku na ɗakin hoto ne, Jibrin da kwat, fuska sumul. Na huɗu yankin tsohuwar jarida ce, yana sama ya cafe ƙwallo, kuma a kumatunsa akwai wasu layuka dishi-dishi.

"Waɗannan na ɗauka ninkin takarda ne," in ji shi. "Ni ban taɓa ganinsa ba, Allah ya jiƙansa. Amma zan faɗa miki gaskiya, sati biyu ina fama da fuskar nan. Haske ba ya samun wurin zama a kanta."

Sai Azumi ta ba shi labari a taƙaice. An haifi Jibrin a Mai Wurno, a bakin kogi a Sudan. Kakanninsa Gobirawa ne da suka taso a ƙafa za su Makka, hanya ta tsaya da su a can. Ranar sunansa wanzami ya yi masa askar gidansu, tsaga goma sha uku, daga gefen baki su buɗe har kusa da kunne, bakwai a kunci ɗaya, shida a ɗayan. Duk wanda ya taɓa zama a bayan ragarsa ya san su.

"To hotunan fa?" Osama ya tambaya.

Haisam ne ya amsa, kuma da Hausa ya yi, yana kallon uwarsa.

"Shi ya sa a goge su. Yumma, kin fi ni sani. Duk hoton da zai ɗauka sai ya ce wa mai hoton ya bi da fensir ya shafe. A Khartoum suna ce masa Fallata, wai baƙo daga yamma, a nan 'yan kallo na yi masa kukan kyanwa, wai ita ta yage shi. Shekara nawa yana haɗiye wannan? Babu hoto ko ɗaya a gidanmu mai tsaga. Mutum ya zaɓi fuskar da yake so a tuna shi da ita, sai bayan ransa mu tsayar da shi a bakin titi da abin da ya yi ta ɓoyewa?"

Azumi ta koma ta zauna. Maganar gaskiya ce, kuma ta fi shi saninta. Tana amarya ta raka shi ɗakin hoto a Ataba, ta ga mai hoton ya sunkuya da fensir mai tsini yana cike tsagar ɗaya bayan ɗaya, Jibrin na tsaye a kansa yana cewa saura nan. Ranar ba ta hana ba.

"Hoton da za a kai ofis yake gogewa," ta ce. "Na takardar zama, na fasfo, na katin kulob. Wurin da wani zai kalle shi ya buga hatimi ko ya hana. Ka taɓa ganin ya rufe fuska ya shiga fili?"

"Ina zai rufe ta?"

"Oho. A fili dai aka san shi, kuma na fili ake tsayarwa. Da na ofis suke so, da sai a sassaƙa shi yana bin layi da takardu a hammata."

Hadeel ta yi dariya, ta kama bakinta.

"Yumma, ba abin wasa ba ne."

"Ban ce wasa ba ne. Kai dai faɗa mini, kunyar wa ake karewa? Wanda ke kabari ya gama jin kunya."

Haisam ya shafa kansa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Jikarki Eman ta ƙofar kulob ɗin take bi zuwa jami'a kullum. Ƙawayenta sun san kakanta ne. Yarinyar nan a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi na masu garin, amma har yau sai an tambaye ta daga ina take. Kina so a ƙara musu abin tambaya?"

"To ka ga, da haka ka fara, da ban tsufa a kujerar nan ba. Wannan magana ce." Ta gyara mayafinta. "Ba ni da amsarta. Abin da na sani, idan aka zuba wancan, nan da shekara ashirin yara za su wuce su ce ga Kaftin Jibrin, kuma ba shi ba ne. Mu da muka sani mun tafi."

Osama bai ji Hausa ba, amma ya ji inda maganar ta tsaya. Ya ce, "Ma'alish, ku yi haƙuri, bari in sa baki. Kulob ya ce iyali ke da magana, kuma sa hannun Ustaz Haisam ke wurina. Ba zan taɓa komai ba sai ya ce. Amma mai farar ƙasa sai gobe zai zo. Yau yumɓu ne. A zana a gani, in bai yi ba in shafe da babban yatsa, minti ɗaya."

Haisam ya ɗaga kafaɗa. Osama ya jawo akwati ya taimaka wa Hajiya ta hau, Hadeel na riƙe da ƙugunta, ya miƙa mata wani ɗan itace mai baki kamar na wuƙa.

Yumɓun yana da sanyi. Ta ɗora bakin itacen a gefen leɓen, ta ja layi ɗaya zuwa kunne, ta ja na biyu. A na uku hannunta ya tsaya.

Bakwai ɗin a dama suke, ko a hagu? Ta rufe ido ta nemo fuskar. Ta ga idanunsa, ta ga yadda yake tauna gefen gashin baki idan an ci su, ta ga wushiryarsa. Tsagar kuwa ta ƙi tsayawa a ƙirga ta. Tana amarya kunya ba ta barinta ta ƙura masa ido, da kunyar ta wuce kuma ta riga ta daina ganinsu, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙofar ɗakinsa. Ita da ta ratso gari tana faɗa a kan fuskar mijinta. Ta ja na uku da ƙarfin hali, ya tafi a miƙe kamar an sa ma'auni.

"Ba haka ba ne," in ji Haisam daga bayanta.

Ba ta juyo ba.

"Ba a miƙe suke ba, Yumma. Lanƙwasa suke yi, su bi ƙashin kunci. Kuma wannan ɓangaren shida ne, kin matse su kamar za ki sa bakwai."

"Kai ka ƙirga?"

"Shekara biyu ina yi masa aski duk Juma'a, tun da hannunsa ya fara rawa. Reza ba ta wucewa sai an bi kowace ɗaya a hankali." Ya matso. "Ta huɗu a dama ma a katse take, inda takalmin wani ya same shi."

Azumi ta sauko daga akwatin a hankali, ta miƙa masa itacen. Ya tsaya yana kallonsa a hannunta.

"Ban ce na yarda ba."

"Na ji. Gyara mini kuskurena kawai, kada a ce matarsa ba ta san shi ba."

Ba ya buƙatar akwatin, tsawonsu ɗaya da uban. Ya shafe layukanta uku da tafin hannu. Sannan ya kama haɓar yumɓun da yatsun hagu, ya ɗan karkata kansa, ya fara daga kusa da kunne yana gangarowa, yadda mai aski ke yi. Bai yi sauri ba. Osama ya kashe fankar da ke busar da aikin, ya matsa gefe yana kallo. Daga waje ana jin masu sauke buhunan siminti suna yi wa juna tsiya.

Da ya gama shida ya zagaya ɗaya kuncin. A ta huɗu ya ɗaga itacen, ya tsallake kamar faɗin ƙwayar wake, ya ci gaba.

Hasken taga ya sauka a fuskar ya shiga ramukan. Hadeel ta juya tana neman wani abu a jakarta. Azumi ta koma kujerarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai lura mutumin ya rage kyau, ya ƙara shekaru, kuma yana kallon ƙofar shagon kamar akwai wanda ya makara zuwa atisaye.

Haisam ya daɗe a tsaye. Osama ya miƙa masa tsumma ya goge hannu, ya jira, sannan ya ɗaga babban yatsansa ya nuna kuncin.

"Ya Ustaz, in shafe?"

Haisam ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi uwarsa, ita kuwa tana kallon ƙasan kofinta.

"Ta biyar a hagu ba ta yi zurfi ba," ya ce da Larabci. "Hannuna ya yi sanyi a wurin. Ka ƙara mata kafin mai farar ƙasa ya zo."

"Khalas, shi ke nan," in ji Osama, ya tsoma tsummokin a bokiti.

"Eman kuma ni zan faɗa mata," Haisam ya ce wa uwarsa. "Kada ki riga ni."

"Bakina a rufe. Ɗauko mini jakata, azahar ta kusa."