Gudun Hajiya Nora

"Ba za ki shiga ba," in ji Kabira, ta tokare ƙofar da ƙugunta. "Ta ce in ke ce, barci take yi."

Hajiya Nora ta tsaya a bakin matakala tana haki, da kwanon ferfesu a hannu. Gidan dogo ne, ba lif, ita kuwa mace ce mai jiki da ciwon gwiwa, wadda ba a taɓa ganin ta tana sauri ba ko da an tayar da salla.

"Samihini kawai zan ce mata, Kabira. Gafara zan nema. Matar ƙanena ce fa."

"Sai yau kika san da haka?"

Daga cikin ɗaki wata murya ta fito a shaƙe, da Hausar nan tata mai kaurin harshe: "Kabira, karɓi ferfesun. Ki rufe ƙofa."

Kabira ta karɓa, ta rufe, har da murza mukulli don Hajiya Nora ta ji ƙarar.

Duk unguwar Kudai Baturiya ake ce wa mara lafiyar, ko da yake ta fi shekara talatin a Makka, kuma ta iya Hausa har da baƙar magana. A ƙasarsu ta Sikotlan sunanta Moira, Aishatu kuwa ita ta zaɓa ranar da ta musulunta. Kafin Muttaka ya je can karatu ya auro ta, 'yar tsere ce, mai gudun mita ɗari da ɗari biyu. Ta cinye 'yan matan garinsu tun tana makaranta, aka ɗauke ta ta wakilci ƙasarta, a wata babbar gasa ta zo ta biyu da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Tana shirin ramawa jijiyar cinyarta ta tsinke, gudu ya ƙare. Kabira, maƙwabciyarta mai sayar da kunu ga direbobin bas, ta sha jin labarin tseren nan har ta haddace shi, ta kuma tsani wadda ta zo ta ɗayan kamar ta san ta.

Abin da ya haɗa Baturiya da yayar mijinta kuwa, ba wanda bai sani ba. Da Muttaka ya rasu, tana cikin takaba, Hajiya Nora ta zo da sunan gyaran ɗaki, ta janyo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Hotuna ne a ciki: yarinya da gajeren wando, cinyoyi a waje, jama'a maƙil suna kallo. Hajiya Nora ta yi salati, ta ce ai shi ya sa, ta yaya mala'ikun rahama za su shiga gidan nan, ga ƙanenta kwance a kabari yana bukatar rahama? Ta hau da su rufin gida ta cinna musu wuta a cikin tasa. Kabira tana wurin tana shanya, ta roƙe ta ta bar ko guda ɗaya, aka ce mata wadda ba ta da takardar zama a ƙasa ta iya bakinta. A cikin abin da ya ƙone har da hoton mahaifin Baturiya, wanda shi ya fara koya mata gudu, yana dafe da kafaɗarta a bakin fili. Ba ta da wani hotonsa a duniya.

Hajiya Nora ba ta tsaya nan ba. Gidan biki, gidan suna, duk inda mata suka taru sai ta ce matar ƙanenta tsirara take gudu a gaban maza. Baturiya dai ta daina amsa gaisuwarta, shekara da shekaru.

Yanzu asibiti sun sallamo ta, sun ce a kai ta gida ta huta, kowa ya gane abin da suke nufi. Nan hankalin Hajiya Nora ya tashi. Ta yi karatu daidai gwargwado, ta san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe da bakinsa, bakin kuwa yana dab da rufewa. Ta aiko da zamzam, ta aiko da limamin unguwa, ta hawo da kanta. Kabira, Allah ya sani, daɗin mayar da ita take ji.

Ranar da abin zai faru da hantsi ne, ana saura 'yan kwanaki a fita Mina. Motocin alhazai sun cika Kudai, sai hon da hayaƙi. Baturiya ta ƙi kunu, ta ce a jingina ta da filo a jikin taga.

"Kira Yaya Nora," ta ce. "Ce mata in ta same ni da rai, zan saurare ta."

"Haba Hajiya! Bayan duk abin da ta yi?"

"Kira ta, na ce."

Kabira ta kira, ranta a ɓace. Daga unguwar Zahir Hajiya Nora za ta taso, a motar ɗanta Nawaf. Suka zauna jira. Numfashin Baturiya ya koma sama-sama, yatsunta suka yi sanyi, amma idanunta na kan titi. Can sai ga farar motar Nawaf ta ɓullo a farkon layi, ta maƙale a bayan bas-bas, ba gaba ba baya. Wayar Kabira ta yi ƙara.

"Muna nan kan layi, zahama ta riƙe mu, cunkoson motoci, ko motsi ba a yi," in ji Hajiya Nora. "Yaya take?"

Kabira ta dubi mara lafiyar. Ba ta ƙara komai a kan gaskiya ba. "Tafiya take, Hajiya. In mota za ki jira, ki jira."

Ƙofar motar ta buɗe. Hajiya Nora ta fito tana takawa irin tata, a hankali, kai a sama. Ta ɗaga ido ta hango tagar, sai ta ƙara sauri. Abaya ta harɗe ta, ta tattare ta da hannu biyu har gwiwa, ta zuba a guje. Direbobi da ke shan shayi a gindin motocinsu suka juyo. Mai shagon kayan miya ya fito bakin ƙofa. Takalminta ɗaya ya fice, ba ta ko waiwaya ba. Ga ƙwaurinta a waje, tana ratsa maza tana cewa, "Hanya! Hanya, don Allah!"

Baturiya ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Kabira ta shekara ba ta ga haske irin wannan a fuskarta ba.

"Dube ta," in ji Baturiya. "Ba ta ɗaga gwiwa. Hannu kamar mai korar kaji."

"To, kin yafe mata?"

"Bari ta iso."

Suka ji ƙarar ƙofar ƙasa, suka ji takun ƙafa yana hawowa, yana tsayawa, yana sake hawowa. Kan Baturiya ya kwanta a kafaɗar Kabira. Kabira ta laƙanta mata kalmar shahada, leɓunanta suka bi ta har ƙarshe. Takun yana hawa na ƙasa da su lokacin da Kabira ta shafe mata idanu.

Hajiya Nora ta faɗo ɗakin jiƙe da gumi, mayafi a wuya. Ta ga abin da ta gani, ta durƙushe a gefen gado ta kama ƙafar mamaciyar.

"Aishatu, samihini! Na zo, ga ni na zo!" Ta juyo ga Kabira. "Ya ukhti, 'yar'uwata, don girman Allah, ta ce wani abu? Ta ambace ni?"

Bakin Kabira, wanda Hajiya Nora take rainawa, shi ne kaɗai ya rage mata. Kabira ta san kalma biyu, "ta yafe," za su wadatar, kuma ba mai ƙaryata ta. Ta gyara wa Baturiya ɗankwali, ta dubi Hajiya Nora ido cikin ido.

"Ta ambace ki."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba kya ɗaga gwiwa."

Hajiya Nora ta zame ta zauna a ƙasa, ta ja abayar ta rufe ƙafafunta.

Kabira ta miƙe za ta sauke labule. A ƙasa motoci sun fara motsi. Takalmin yana nan a tsakiyar kwalta, wani direba ya sa ƙafa ya ture shi gefe, ya hau motarsa.