Guntun da Ake Bari a Gida

Tun Nurlina tana yarinya take ƙulafucin irin jirgin ruwan kakanta: ɗan siriri, sanda ɗaya, ƙyallen iska ɗaya, da ɗan rufin da mutum biyu za su kwana ciki in ba masu juyi ba ne. Da aikin ungozoma ya ɗan yi mata albarka, sai ta nufi Tana Beru, garin masu sassaƙa jirage a bakin teku, wajen Daeng Marewa, tsohon masassaƙin da ido ne ma'auninsa. Ba wata duniya za ta ba, ta bi gaɓa ran Asabar, Lahadi ta dawo.

Ranar kafa ƙashin bayan jirgin, tsoho ya datse bakin katakon gaba da baya. Na gaba teku ake jefa wa. Na baya kuwa matar mai jirgi ke ɓoyewa a gida, don matafiyi ya dawo.

"To 'yata, ke ce matafiyiyar," in ji tsoho. "Wa zai riƙe wannan? In babu, ko katako ɗaya ba na ɗorawa."

Mijinta Baso na gefe ya murtuke. Mutumin da ko jirgin fito ya hau sai ya amayar da shinkafar jiya! Ya kuma sha faɗa mata ba da yawunsa ba.

"Daeng Baso, a sayo maka ɗankwali?" wani ma'aikaci ya yi masa tsiya, aka kwashe da dariya.

Nurlina ta ce a ranta, shi ke nan, jirgi ya nutse tun bai taɓa ruwa ba.

Baso ya dubi tsoho. "Tsakani da Allah, irin wannan jirgin yana cin mutum?"

"Kakanta a cikinsa ya tsufa, a kan tabarma ya mutu."

Baso ya miƙa hannu ya karɓi guntun katakon. "Ku kawo ɗankwalin ma. Ja nake so."

Kai, jirgi ya yi jirgi! Ran da ta fara fita, iska na taɓa ƙyallen ya ɗan kwanta gefe ya miƙe, ruwa na darewa ba ko ƙara. Nurlina ta yi ta kuka don daɗi ita kaɗai.

Lahadi da la'asar tana dawowa ta hango mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, zanensa sharkaf. Baso ne, guntun katakon a hannunsa ya yi baƙi da zufa.

"Kin makara," ya ce. "Tun jiya ban ajiye shi ba."