Neman Dokta Samba

Zuhura ba ita ta zaɓi wannan aiki ba. Burinta a makarantar likitoci ta Yamai shi ne ta ƙware kan ciwon zuciya, amma da lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, sai malaminta ya ɗora mata tarihin yadda ake horar da likitan kowa da kowa, wanda ke duba jariri da uwarsa da kakarsa a ɗaki guda. Ya ce akwai wani tsoho a Dakoro, Dokta Samba, yana cikin ɗaliban farko-farko, ta je ta ji daga bakinsa.

Ta sauka Dakoro da hantsi, tana lissafin juyawa washegari. Matar tsohon, Hajiya Haula, ta kawo mata ruwa ta ce ai ya fita tun shekaranjiya.

"Ya tahi Ajekoriya, ɗiyata. Tun da ya aje aiki bai zamna gida ba. Ga tarho nasa can bisa gado."

Zuhura ta ciji leɓe, don ta Ajekoriya motarsu ta biyo ɗazu. Ko ruwan ba ta shanye ba ta fita neman kabu-kabu, babur ɗin haya.

A Ajekoriya aka nuna mata gidan Intalla, wani makiyayi da ya daɗe da zama manomi. Ya ce Dokta ya kwana nan, ya duba tsohuwarsu, da safe ya wuce Sabon Maci. Ta juya za ta tafi, Intalla ya tsare ta da labari: Dokta ne ya yi jinyar ubansa, shi ya ceci matarsa a haihuwar fari, har jikokinsa ya san wanda ƙwai ke sa wa ƙaiƙayi. Ita dai tana ta duban rana tana kaɗa ƙafa.

"Sai dai jiya ya ba ni mamaki," in ji Intalla. "Kofin shayi ya suɓuce mishi har ya ƙone ƙahwa. An sake zuba mishi, ya sake saki. Kuma magana tai kamar mai tuwo a baki."

Ƙafar Zuhura ta tsaya cak. "Wane hannu, Baba?"

"Na dama."

Tun daga nan ta manta da kundi. Duk hanyar Sabon Maci tana bugun kafaɗar mai kabu-kabu ya ƙara wuta, shi kuma yana cewa ramuka ba su bari.

Ta same shi a ƙofar wani gida, zaune kan tabarma, mata sun kewaye shi da ƴaƴansu. Siririn tsoho ne mai farin gemu. Gefen bakinsa ya ɗan zube, hannun dama na kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ko wace ce, ta ce ya ɗaga hannuwansa biyu.

Ya yi murmushi da rabin baki. "Bar wahal da kanki. Na san abin da ya same ni."

"Kun sani, Baba, kuma kuna yawo ƙauye-ƙauye?"

"In na kwanta asibiti, wa ya san ranar tashi? Gidajen ga kowa da maganin da yake sha. Ina bi ina hwaɗa musu inda za su je bayana."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce da a jarrabawa ya ba da wannan amsa, da malamansa sun kayar da shi. Ta auna jininsa, ta ga ya hau ƙwarai. Ta ruga bakin hanya ta tare motar wani ɗan kasuwa mai kai wake Maraɗi, ta roƙe shi har ya sauke yaransa daga gaba.

A cikin motar ne ya ba ta tarihin, ba tare da ta tambaya ba. Kalmomi na fita da ƙyar, wasu ba ta kama su. Ya ce a zamaninsu duk karatu a babban asibiti ake yi, ɗalibi ya san ciwo amma bai san gidan da mai ciwon ya fito ba. Wani malaminsu ne ya dage aka tura su ƙauyuka, kowa ya zauna da iyali guda, ya ci abin da suke ci, ya sha ruwan rijiyarsu. Abokansa suka dawo suka zama manyan ƙwararru, suna yi masa dariya wai likitan mura. Ya so ya faɗi sunan malamin, sunan ya ƙi zuwa. Ya yi ta nema har hawaye suka zubo masa.

"Ku huta, Baba, zai zo," ta ce, tana riƙe da kansa saboda girgizar mota.

Dokta Samba ya rayu, amma hannun bai dawo ba, maganar ma sai wanda ya saba da shi. Zuhura ta rubuta kundinta da giɓi a ciki, ta ci jarrabawa. Aka buɗe neman gurbin ƙwarewa kan zuciya, ta kai takardunta, amma ta kasa samun natsuwa. Ta zauna ta tashi, ta fita ta dawo.

Ana haka Hajiya Haula ta kira ta. Ta ce mutane ba su daina zuwa gidan ba, shi kuma sai dai ya dube su ya yi ta nuni da hannun hagu. Yanzu ma ga wata mata daga Tagiris da yaro jikinsa zafi rau.

"Yaushe za ki zo, ɗiyata?"

"Wallahi ban sani ba, Inna." Ta zagaya ɗaki. "Yaron yana shan nono? Ba uwar tarhon in ji."