Goron Bawa Ya Kai Maradun

A shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara cinye gonakin Maradun, akwai wata 'yar majami'ar kwano a bakin garin Talata Mafara. Masu zuwa duk baƙi ne, leburori da direbobi da akawunan kamfanin da ke gina dam. Bawa kafinta yana cikin dattawanta. Mutum ne mai taurin kai, bai iya karanta ko sunansa ba.

Wata Lahadi sakataren majami'a, Malam Ɗanasabe, ya raba takardun gayyata da ya buga da tafireta, ya ce kowa ya manna a inda jama'a ke wucewa. Bawa ya juya tasa, ya maida masa.

"Malam, takarda ba ta da ƙafa. A garinmu in kana son mutum ya zo, takawa kake yi da goro."

Akwai wanda yake nufi. Kwanan baya, yana aikin kafa ƙofofi a sabon matsugunin da aka kwashe mutanen Maradun aka zuba, ya ji wani yana rera waƙar sujada a ɗakin ƙarshe, can gefen gari. Sunansa Ɗanlami. Ya yi shekara tara a asibitin kutare na mishan, can ya karɓi baftisma. Ciwon ya warke tuntuni, amma ya tafi da yatsunsa. Tun da ya dawo gida, shekara goma sha ɗaya, bai taka majami'a ba.

Ran Asabar Bawa ya hau keke ya je masa da goro biyu fari.

Ɗanlami ya kalli goron, bai miƙa hannu ba. "Malam Bawa, ka san mi kaka yi kuwa? Goro in an amsa, sai an zo."

"Shi ya sa na kawo."

"Mutanenka masu takalma za su zauna benci guda da ni?"

"Ni na ƙera bencin, ban ji ya yi ƙorafi ba. Amshi."

Ɗanlami ya yi dariya har da tari, ya haɗa dungulmin hannayensa biyu ya karɓa.

Da sassafe Bawa ya koma ya goyo shi. Suka iso an fara waƙa. Da suka zauna, mutanen bencin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage su biyu. Ɗanasabe ya yafito Bawa waje.

"Baba Bawa, yau fa Jibin Ubangiji ne. Ƙoƙo ɗaya gare mu, a cikinsa kowa zai sha."

"Na sani."

"To ka yi wa Allah. Akwai mata masu goyo. Na sa an wanke gwangwanin madara, a zuba masa nasa daban."

"Gwangwani? Awaki na kawo maka?"

"In ka ja rigima, dattawa za su zauna a kanka. Kujerarka za ta tafi."

"Ta tafi. Baƙona ne, goro na ba shi. Wanda ya gayyato mutum ya ba shi abinci a kaskon kare, kansa ya zaga."

Lokaci ya yi. Fasto ya yi addu'a, aka gutsura gurasa, ƙoƙo ya fara zagawa daga gaba. Ranar Ɗanasabe ne ke miƙawa. Da ya iso bencinsu sai ya ba Bawa ƙoƙon, ya miƙa wa Ɗanlami gwangwani da ɗaya hannun. Ɗanlami ya sunkuyar da kai zai karɓa, don ya saba.

Bawa ya tare hannun. Ya miƙe tsaye, ya kai ƙoƙon bakin Ɗanlami, ya tallabe masa ƙeya kamar yadda ake ba marar lafiya ruwa. Ɗanlami ya kurɓa, idonsa a rufe. Sannan Bawa ya juya ƙoƙon daidai inda leɓen ya taɓa, ya sha a gaban kowa, ya goge baki da bayan hannu.

Ya miƙa wa bencin baya. Wani direba ya kau da kai. Na kusa da shi ya shiga duba littafin waƙa. Bawa bai sauke hannu ba.

Can sai tsohuwa Marka, mai tuwon leburori, ta taso daga ɓangaren mata tana jan ƙafa.

"Ba ni nan, ɗan nema. Maza sun zama mata yau."

Ta sha, ta miƙa wa direban. Kunya ta sa ya karɓa. Wasu suka sha, wasu suka bari ya wuce su, mutum huɗu suka fice.

Da aka tashi, Ɗanasabe ya sami Bawa yana ba keke iska.

"Laraba dattawa za su zauna."

"Ku zauna lafiya. Ni Laraba ina Maradun."

Ɗanlami yana jingine da bango, ya ce a hankali, "Malam Bawa, kada ka rasa wurinka saboda ni."

"Wa ya tambaye ka? Hau mu tafi." Ya juya ga sakatare. "Af, Malam. Matarsa Batulu ma mai bi ce irinmu, kuma kekena mutum ɗaya yake ɗauka. Naka sabo ne. Lahadi da asuba ka same ni a bakin kasuwa."