Dangwalen Basirka

Da a ce ranar nan wani ya ce min kod ɗina, wato umarnin da na rubuta wa manhaja, shi ne ya cinye sunayen mutum arba'in da ɗaya, wallahi da na ce masa ya je asibiti a duba kansa. Ni ne Hadi, ni na rubuta manhajar da ƙungiyar manoman riɗi ta Birnin Kudu da Gwaram take tsara layin tarakta da ita. Wata uku cur na yi a kanta a shagona. Kuma ba wani abin wahala ba ne: wakili ya buɗe sunan manomi a babbar waya, a danna koren maɓalli, manomi ya shiga layi. In an yi kuskure, a shafa yatsa a kan sunan zuwa hagu, ya goge. Mene ne abin ruɗewa a nan?

An yi rajistar Wurno lafiya, an yi ta Surko lafiya. Sai Basirka. Alhaji Sada, shugaban ƙungiya, ya kira ni yana ta faɗa kamar ni na kashe masa zomo a gona.

"Hadi, mutanen Basirka sun cika min ƙofar gida! An fitar da layi, rabinsu babu suna, tarakta ta wuce gonakinsu. Me ya faru?"

Na buɗe bayanan da manhajar take ajiyewa na kowace taɓawa. Ga shi nan ƙiri-ƙiri: shafa hagu, goge; shafa hagu, goge. Sau arba'in da ɗaya, duk daga wayar wakiliyar Basirka, Kaltume. Mace ce da ta girme ni nesa ba kusa ba, tsohuwar malamar yaƙi da jahilci, mai baƙin taurin kai. Dama tun ranar horo nake jin haushinta, don ita kaɗai ta dinga tsayar da ni da tambayoyi a gaban mutane.

A zaman kwamiti ban ɓoye komai ba. Na ce, "Alhaji, na'ura ba ta ƙarya. Hannu ne ya goge, kuma wayar a hannunta take."

Kaltume ta dube ni sama da ƙasa. "Malam Hadi, ka ji tsoron Allah. A cikin waɗanda suka ɓace har da yayan mijina."

"To wa ya san abin da ke tsakaninku?" na ce.

Na faɗa, kuma na ji daɗin faɗar. Nan take aka karɓe wayar, aka dakatar da ita. Kafin la'asar magana ta zaga Basirka cewa Kaltume ta cire mutane don ta tura nata gaba. Alhaji Sada ya ce ranar Alhamis za a sake rajista a gabansa, ni zan riƙe wayar, in komai ya tafi daidai to korarta ta tabbata.

Alhamis na hau acaɓa daga Gwaram zuwa Basirka ina Allah-Allah in nuna wa kowa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, Kaltume tana gefe ita kaɗai, matan da suka zo ko gaisuwa ba su yi mata ba. Na buɗe sunan farko zan danna, sai ta yi magana.

"A'a, Malam. Ni ba na danna wa kowa. Mai suna shi yake sa hannunsa, don kada gobe a ce ni na yi. Yi yadda nake yi."

"Iyayi dai," na ce, na miƙa wa wata tsohuwa, Inna Mero, wayar. "Inna, sa hannu a kan koren nan."

Inna Mero ta goge babban yatsanta a zani, ta yi bisimilla, ta ɗora shi a kan gilashin da ƙarfi. Sannan ta mirgina shi a hankali daga dama zuwa hagu, yadda ake dangwala tawada a takardar zaɓe don zanen yatsa ya fito sosai. Ta ɗaga, ta duba yatsan ko ya yi shuɗi.

Sunanta ya zame ya ɓace.

Na kira na biyu, wani dattijo, shi ma ya dangwala ya mirgina, sunansa ya bi nata. Innalillahi! Ni na rubuta umarnin da hannuna: in yatsa ya sauka, ya matsa hagu fiye da ɗigo ashirin na ma'aunin fuskar waya kafin ya tashi, to shafawa ce, a goge. Da kan ɗan yatsana na gwada, taf-taf, irin namu na masu waya. Ban taɓa kawo babban yatsan manomi a raina ba, mai faɗi, wanda in ya mirgina tsakiyarsa take tafiya ɗigo talatin ko fiye. A Wurno da Surko wakilai ne suka danna wa mutane, shi ya sa asirina bai tonu ba.

Alhaji Sada yana can yana waya, bai ga komai ba. Kaltume ce kawai ta gani. Na matsa kusa da ita, na rage murya.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Yanzu zan gyara. Sai mu ce matsalar sabis ce, ki koma aikinki, kowa ya huta."

"Sabis?" Ta ɗaga murya yadda har na bayan layi sai da suka juyo. "A gaban mutane ka ce hannuna ne. To a gaban mutane za ka faɗi hannun waye."

Na ji kamar in shaƙe ta, don ta san ba ni da mafita. Na buɗe kwamfutata a kan cinya, gumi yana ɗiga a kan madannai. Na cire shafawa daga shafin rajista gaba ɗaya, na sa duk yatsan da ya sauka a kan kore ya tashi a kusa da shi a karɓa, ya mirgina ko bai mirgina ba. Gogewa kuma na mayar da ita wani shafi, sai ta tambaya "Ka tabbata?" tukuna. Aikin da bai kai minti ashirin ba. Inna Mero ta sake dangwalawa, sunanta ya zauna daram.

Sannan na miƙe na faɗa. Na ce kuskurena ne, Kaltume ba ta goge sunan kowa ba. Wani ya ce, "Amma dai kai ɗan iska ne," wani ya ce ruwa ya riga ya sauka, wa zai mayar musu da kwanakin huɗa? Alhaji Sada ya karɓi wayar daga hannuna ya miƙa mata.

"Malama Kaltume, a yi haƙuri. Ga kayan aikinki."

Ta karɓa, ta buɗe shafin gogewar, ta karanta tambayar da na sa, ta juyo da fuskar wayar gare ni.

"Yanzu ka koya mata ta tambaya kafin ta goge sunan mutum. Kai da ka goge sunana a garin nan, wa ka tambaya?"

Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta saka takalmanta ta tafi gida.