Guntun Likkafanin Inna Gimbiya

Salamu alaikum jama'ata, ku gyara zama. Yau labarin faɗa na zo muku da shi, kuma a gidan mutuwa aka yi shi, gawa na kwance ko wanka ba a yi mata ba.

'Yan tsana uku Labaran ya riga ya jefa a murhu kafin Nagode ta faɗo gidan, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Ƙaurin tsumma ne ya kirawo ta ta kan danga. Ta iske shi tsugune gaban kwando cike da 'yan tsana, yana ɗauka da yatsa biyu kamar mai kwasar mushen ɓera. Ko gaisuwar rashi ba ta yi masa ba. Ta fizge kwandon ta rungume.

"Fara ƙone ni, in na toye ka aza su bisa."

Bari in koma da ku baya kaɗan. Mai rasuwar ita ce Inna Gimbiya, maƙwabciyar Nagode tun tsohon ƙauyensu. Shekarun da aka tare kogi a Bakolori ruwa ya cinye ƙauyen, aka kwaso su a mota aka zube wajen Maradun, gidaje a jere kamar haƙoran matsefi, ƙasa kuwa tsakuwa zalla. Ranar tashi kowa na kokawa da turmi da tukwane, ita Gimbiya adakar 'yan tsanarta ta runguma. Gadonta ma can ta bar wa kifaye su yi barci.

Kada ku ɗauka irin na wasan yara ne. Jiki na kara, kai na ƙwallon goruba, kowace kuma mutum guda ce daga tsohon ƙauye, sanye da ƙyallen da aka yanko daga tufar mai ita. In Gimbiya ta yaba zanenki, to ki riƙe bakinsa da kyau, almakashi na nan cikin lalitarta. Maza ma ba su tsira ba, a kan igiyar shanya take cim musu. Ta ɗinka 'yar taguwa, ɗan wando da zariyarsa, ɗan kallabi da bai kai ganyen zogale uku ba. Da aka zo sabon wuri ta jera su a ƙuryar ɗakinta yadda gidaje suke a da: ga na bakin rijiya, ga na gindin tsamiya, ga mahauta. Mutanen gaske sun watse, wasu Janbako, wasu Bakura, wasu Mafara. A ɗakin Gimbiya kaɗai suke maƙwabta har yanzu.

Tari ya kama ta tun damina. Ana gobe za ta rasu, da la'asar, Nagode ta kai mata kunu, tsohuwa ta cafke mata wuyan hannu ta ce, "Nagode, an tashe mu sau guda. Kar ki bari a tashe su na biyu." Nagode ta ce ta sha kunu ta daina zancen wofi, amma dai ta ce to. Bayan sallar asuba Gimbiya ta cika.

Shi kuwa Labaran ɗan yayarta ne, shi ne magajinta, direban tifa a wurin aikin dam. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya fara kawo dalilai: malamai na ƙofar gida, abokan aikinsa na tafe, da ma ana yi masa ba'a cewa innarsa gumaka take kiwo, ba zai bari a fito da gawa daga ɗakin tsafi ba. Nagode ta tambaye shi yaushe ya zama malami, shi da rabonsa da gidan nan tun ƙaramar salla, ko kunu cokali guda bai taɓa miƙa wa tsohuwar ba. Matan da suka zo makoki suka sunkuyar da kai, kunne kuwa a miƙe.

Ana cikin haka Taiba mai wankan gawa ta leƙo daga ɗaki, riƙe da farin yadi. Kun san tsofaffinmu, kowa likkafaninsa na ajiye a gindin adaka tun yana da ƙarfi. To na Gimbiya ga shi nan, amma gefensa duk an gutsure kamar awaki sun yi kiwo a kai. Taiba ta ce ko gwiwa ba zai rufe ba.

"Kin gani ko?" in ji Labaran. "Likkafaninta ta yanka ma itace!"

Nagode kanta sai da ta ji haushin mamaciyar. Ta leƙa kwando tana mita, sai idonta ya faɗa kan masu fararen kaya. Ta ɗaga farin guda ɗaya, ga rigar Buba mahauci a ƙasa, Buba da aka binne bara. Ta ɗaga na biyu, matar liman ce. Ashe duk wanda ya mutu daga mutanen ƙauyen, sai Gimbiya ta gutsuro likkafaninta ta suturta shi, ta mai da shi wurinsa cikin maƙwabta.

Sai Nagode ta tuna da nata mamacin. Mijinta Bawa ya rasu ranin farko da suka zo nan. Ta san akwai nasa, da shuɗiyar rigar nan da ta yi wa Gimbiya masifa kwana uku don ta yanke mata aljihu. Ta zazzage kwandon a ƙasa, ta birkita, ta sake birkitawa. Babu Bawa. Ta dubi murhu. A bakin toka ga ɗan shuɗin ƙyalle, bai fi farce ba, yana hayaƙi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da ɗaga fararen nan ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga wadda take nema, mai zanen saƙi baƙi da ratsin ja. Ta miƙe ta nufi murhun, ta riƙe ta daidai saman wuta.

"Ka gane zanen ga?"

Labaran ya gane. Da shi aka goye shi.

"Hasana ce, uwarka. Kabarinta na can ƙasan ruwan da kake kai ma duwatsu, ko wurin tsayawa ka yi mata addu'a ba ka da shi. Ka ƙone min Bawa. In sake ta?"

Labaran ya kafa wa 'yar tsanar ido. Zafin wuta ya fara lanƙwasa bakin farin ƙyallen. Ni dai da ni ne, wallahi ban san abin da hannuna zai yi ba. Ku fa?

Nagode ta janye hannunta. Labaran ya miƙo nasa duka biyu zai karɓa, ta buge su.

"Ba ka tafiya da ita. An tashe ta sau guda. In kana son ganinta ka yi sallama gidana, ka tuɓe takalmi."

Ta sa aka ɗauko nata likkafanin daga adakarta, sabo fil, ta jefa wa Taiba, ta ce a yi sauri rana na yi. Guntun kuwa ta naɗe ta cusa a hammata. Taiba ta tuna mata a hankali cewa ita fa doguwa ce, wannan ko cinyarta ba zai kai ba. Nagode ta ce in ranar ta zo su ƙara da buhu, ba ita za ta ji kunya ba.

Kafin azahar an kai Gimbiya. Da maza suka dawo Labaran bai zauna karɓar gaisuwa da kyau ba, an ce ya tsaya jikin dangar Nagode ya daɗe, bai yi sallama ba, ya tafi.

Da la'asar Nagode ta share ƙuryar ɗakinta ta jera su: na bakin rijiya, na gindin tsamiya, mahauta. Wuri uku ta bari fili. A na Bawa ta ajiye ɗan shuɗin ƙyallen, ta danne da tsakuwa. Duk cikin jerin babu Gimbiya, ashe tsohuwar ba ta taɓa yin ta kanta ba. Nagode ta ja tsaki, ta karyo kara daga danga, ta samo ƙwallon goruba, ta naɗe da tsohon ɗankwalin da Gimbiya ta manta a gidanta. Ɗinki ba sana'arta ba ce, allura ta soke ta sau biyu, duk sau biyun ta zagi mamaciyar ƙasa-ƙasa. Sannan ta warware guntun likkafanin a cinyarta, ta auna yatsa huɗu daga gefe, ta sa almakashi.